Wayar Kwali a Aljihun Baba

Tankin ruwan unguwarmu a Sabon Birni da hasken rana yake aiki, kuma ba shi da alƙawari. Wata rana a wayi gari da ruwa, wata rana sai azahar. Ni ke ɗebo wa gidanmu, sai in tsaya a layi ina jira, kada in tafi a buɗe famfo a bayana. Malamin lissafi ya ce idan na ƙara rasa darasin safe ba zai sa ni cikin masu jarrabawa ba. Na sunkuyar da kai. Dama magana wuya take yi mini.

A shekarar ne wata injiniya ta zo daga Sakkwato da ɗan akwati da za a liƙa wa tankin, ya auna ruwa ya aika saƙo zuwa wayar kowane gida. Ta ce ba za ta ƙarasa shi ita kaɗai ba. Ran Asabar ta tara mu a ajinmu: matan unguwa, mai walda, mai gyaran waya, da mu 'yan makaranta. Muka yanka wayoyi daga kwalin sukari. Sai ta ce mu kwaikwayi safiyar unguwarmu.

Gwaggo mai ƙosai aka ce ta fito a tanki.

"Ya dace," in ji mai walda, "ita ta fi kowa wurin ajiya."

"Kai kuma za ka yi kyau da jarka mai yoyo," in ji Gwaggo.

Ni aka ɗora wa hula aka ce ni ce Baba. To, na san safiyar Baba. Na naɗe wayar kwalin a leda, na tura ta can cikin aljihu, na saɓa tsintsiya a kafaɗa a madadin fartanya, na fice. Na wuce gindin dogonyaro na duƙa ina noma.

Daga can na ji Gwaggo ta kwarma ihu, "Na cika!" Mai gyaran waya ya yi ƙarar saƙo da bakinsa. Ba wadda ta tashi.

"Ina wayar gidan ga?" in ji injiniyar.

Ƙawata da ta fito a Innata ta ce, "Tana gona."

Aka kira ni, na dawo. Injiniyar ta rage tsawo ta ce, "Ƙanwata, mi ya sa kin ka fita?"

"Haka Baba ke yi," na ce, ina kallon ƙasa.

Matan suka kwashe da shewa, kowace na cewa wallahi nata mijin ma haka. Injiniyar ta yi dariya har da riƙe ciki, sannan ta goge zanen da ta yi a allo, ta ajiye allin a tsakiyarmu.

Mai walda ya ce a sa tutar ƙarfe da za ta ɗaga in tankin ya cika. Matan suka ce wa zai hango ta daga bayan katanga? Mai gyaran waya ya ce ƙararrawa, muka ce za ta rikice da ta makaranta. Wata tsohuwa ta ce ita dai ihun ɗazu ta ji shi har cikin haƙorinta. Nan aka ɗauki muryar Gwaggo don ta riƙa fita ta lasifika a kan tankin in ya cika, mai walda ya yi wa lasifikar keji saboda tsuntsaye. Saƙon waya aka bar shi, don maza su ma su sani.

Tun daga nan, in gari ya waye tankin bai yi magana ba, sai in ɗauki jakata in tafi makaranta, in ɗebo da yamma.

Na zauna jarrabawar. Ina tsakiyar wani lissafi mai wuya muryar Gwaggo ta shigo ta taga, "Na cika!" Har malamin sai da ya rufe baki da takarda don ɓoye dariya.