Baƙin Zaren Da Na Ajiye a Bakin Ƙofa

Malam Edita, ina gaishe ka da aiki, kai da masu bin wannan shafi. Shekara biyu da suka wuce, ni tela ne ɗan shekara sittin da bakwai a Unguwar Shanu, mai aikin hannu a wuyan babbar riga, kuma a ganina babu wanda ya fi ni sanin jikin ɗan Adam tun daga layinmu har Kawo. Boko dai aji huɗu na yi mahaifina ya cire ni ya zaunar da ni gaban keken ɗinki, amma aji huɗun zamaninmu ba wasa ba ne. Takardar cikin kwalin magani ina karanta ta, in gane kashi ɗaya, in ƙarasa sauran da basira. A majalisarmu ta bakin masallaci duk wanda ya yi tari ni yake kallo. A gida kuwa ina zaune da tsohuwata, wato matata, da ɗana na fari wanda ba na kama sunansa, da matarsa, ma'aikaciyar jinya. Tsakanina da ita sai gaisuwa, tana durƙushe a bakin ƙofa, ni ina kallon bango ina amsawa. Shekara tara tana gidan ban taɓa kai loma baki a gabanta ba. Saboda ita na rubuto wannan wasiƙa, ko da yake na san in ta ji an buga, kwana uku za ta yi ba ta ɗago kai ba.

Abin ya faro ne daga yatsuna da gwiwoyina. Suka kumbura, suka ƙage, har allura ta fara gagarata, ni da nake zura zare ina hira. Surukata ta gaya wa mijinta, mijinta ya gaya wa uwarsa, uwarsa ta gaya mini cewa a je asibiti. Haka saƙo yake tafiya a gidanmu. Likitan da muka samu yaro ne, da ƙyar in ya kai ɗana na uku, amma yana da ladabi. Ya rubuta mini magani iri biyu. Na farko wata 'yar farar ƙwaya da ya ce sitiroyid ce, ita za ta sauke kumburin. Na biyu kafso ne na ciki, da za a sha da sassafe kafin a ci komai. Ya ce 'yar farar tana da ƙarfi kuma tana iya damun ciki, shi ya sa ya haɗa ta da kafson a matsayin mai gadi, kuma kada in kuskura in ƙara da maganin ciwon jiki na kemis. Na yi ta gyaɗa kai kamar mai fahimta, alhali tunanina yana kan ko tsohuwata ta ɗora wake.

Gaskiya 'yar farar ta yi aiki. Cikin mako guda yatsuna suka saki, na koma shago, ga wani cin abinci da ya taso mini wanda rabona da shi tun ina saurayi. Amma sai ciki ya buɗe nasa shagon. Ƙugi, kumburi, iska, sannan gudawa ta biyo baya. Mutumin da shekara da shekaru sau ɗaya yake zagayawa, bayan Asuba, a kan lokaci kamar labaran rediyo, sai ga shi yana ɗaukar buta sau biyar kafin Azahar. Alwala ta daina zama a jikina. Ni da wurina yake sahun farko daidai bayan liman, na koma sahun ƙarshe kusa da ƙofa. Abokaina suka ce lallai tsufa ya koya mini tawali'u, na ce musu ai dama malamai sun ce a riƙa ba matasa dama.

Ranar komawa asibiti, surukata ce ta raka ni don mijinta yana wurin aiki. Tana tsaye a bayana riƙe da katina, likita ya duba yatsuna ya yaba, sannan ya tambaye ni ko ina fita yadda na saba. Malam Edita, zan faɗi gaskiya tunda don ita na ɗauki biro: na gane fitar da yake nufi sarai. Amma matar ɗana tana tsaye, ina jin numfashinta. Sai na gyara hula na ce masa ina fita ƙwarai, masallaci sau biyar, shago kullum, ranar Juma'a ma har Rigasa nake zuwa gaida ƙanwata. Ya yi murmushi ya buɗe baki zai gyara tambayar, na riga shi da labarin tsadar kuɗin mota. Mutane na jira a waje, ya rage mini yawan 'yar farar kaɗan ya sallame mu. Na fito ina jin na ci jarrabawa.

Da na dawo gida sai na zauna na yi bincike irin nawa. Na ce maganin ciki shi ke shiga ciki, ciki kuwa shi ya lalace, don haka mai laifi ba ya buƙatar shaida. Na sallami kafso daga aiki. Kullum da safe surukata ta aiko da magunguna a ɗan faranti, in haɗiye 'yar fara, in jefa kafso cikin gwangwanin maɓallaina. Abin da ya ƙara ruɗa ni, gudawar kuwa ta lafa. Na koma sahun farko ina ta baza riga. Da gwiwa ta fara motsi saboda an rage magani, wani abokina a majalisa ya nuna mini wata ƙwayar ciwon jiki da yake saye a kemis, na ce ai na san ta, na fara sha safe da yamma. Bayan kamar mako uku sai na fara jin zafi a ƙahon zuciya kamar an ajiye garwashi. Sannan abin da nake bari a baya ya canja kala. Ya koma baƙi ƙirin, mai danƙo, da wani wari da ban san shi ba. Na ce miyar kuka ce. Da aka kwana biyu ba a yi kuka ba na ce baƙin shayi ne. Ina ɗagowa daga ruku'u sai in ga masallaci yana juyawa. Tsohuwata ta ce tafin hannuna ya yi fari, ta tambaye ni kai tsaye yadda bayan gidana yake. Na ce mata shekara arba'in da aurenmu ban ji ranar da hukuma ta naɗa ta duba-gari ba.

Asirina ya tonu ne ta wajen maɓalli. Tsohuwata ta buɗe gwangwani tana neman na rigar jikanta, ta tarar da kafso sun fi maɓallan yawa. Ta kwashe ta kai wa surukata, ta haɗa da fankon ƙwayar kemis da ta tsinta a aljihun rigata. Washegari da hantsi ina zaune a ɗaki don na kasa fita shago, sai na ji sallama. Surukata ta durƙusa a inda ta saba, ta turo faifai ta ƙarƙashin labule. A kan faifan akwai zare kala huɗu: ruwan ƙasa, ruwan ɗorawa, ja, da baƙi. Ta ce, muryarta ƙasa-ƙasa, akwai wata tambaya da ake yi wa iyaye a asibiti wadda take yi wa baki nauyi, shi ya sa ta kawo wadda hannu zai amsa. Ta ce Baba ya fi kowa sanin kala a garin nan, don Allah in duba wanda ya yi daidai da abin da nake gani in na zagaya, in ajiye shi a bakin ƙofa. Ita za ta shiga kicin, ba za ta fito ba sai ta ji na yi gyaran murya.

Na daɗe ina kallon faifan nan. Hannuna ya fara zuwa kan ruwan ƙasa, har na ɗauka. To amma ni tela ne. Na yi wa mutane ƙaryar ranar karɓar ɗinki, wannan kowane tela ya yi, Allah Ya yafe mana baki ɗaya. Amma tunda na fara sana'a ban taɓa ɗora zare a kan shadda in ce ya dace alhali bai dace ba. Yarinyar nan ta san haka, ta bi ta ƙofar da ba zan iya rufewa ba. Na ajiye ruwan ƙasa na ɗauki baƙin, na kai shi wajen hasken taga, sai na ga ai nata baƙin ma bai kai ba, ya yi dishi-dishi. Na jawo akwatina na zaro baƙin siliki mai sheƙi, wanda nake yi wa manyan mutane aiki da shi, don shi ne daidai. Na ajiye a bakin ƙofa, na yi gyaran murya, na juya ina kallon bango. Na ji takunta, na ji ta tsaya. Ba ta yi salati ba, ba ta yi mini faɗa ba. Abin da na ji kawai shi ne tana ce wa mijinta a waya ya bar duk abin da yake yi ya zo da mota yanzu.

A asibiti aka ce jinina ya yi ƙasa sosai, sai da aka ƙara mini leda biyu, ɗaya daga jikin ɗan nawa. Aka zura mini wata roba mai ido ta baki, aka ga gyambo a cikina yana tsiyayar da jini. Likitan nan dai ya zo ya zauna a gefen gado ya yi mini bayani ba tare da ya kunyata ni ba. Ya ce baƙin da nake gani jini ne da ya bi hanji ya sauya kala. Ya ce na kori mai gadi, sannan na haɗa 'yar fara da ƙwayar kemis, su biyun kuwa in suka haɗu ciki suke ci. Ya ce mai yiwuwa ne hasashena daidai ne, kafson ne ya kawo gudawar, yana yi wa wasu haka, wasu kuma ya ɗaure musu ciki, amma da na faɗa da ya duba ya canja mini wani. Na ce to a bar 'yar farar ma gaba ɗaya, ya ce a'a, ita ba a yanke ta rana ɗaya, a hankali ake janye ta, in ba haka ba wata sabuwar matsala ce. Sannan ya sake tambayata yadda fita take. Surukata ta miƙe ta ce za ta je karɓo magani. Na ba shi amsa dalla-dalla, da lokaci da kala da yawa, har ya ce Baba ya isa haka.

Abin da na koya shi ne kunya abu ce mai kyau, ni ma ban bar ta ba, amma ni na ɗauke ta na kai ta inda ta kusa kashe ni, surukata kuwa ta riƙe tata ta cece ni da ita. Har yau ba ta taɓa tayar da maganar ba, gaisuwarmu tana nan daga bakin ƙofa. 'Yan'uwana tsofaffi, musamman masu aji huɗu irina, in an ba ku magani kuka ga zagayawarku ta canja, ko ta yi yawa, ko ta ɗauke, ku koma wurin wanda ya rubuta ku gaya masa. Kada ku zaɓi wanda za ku kora da kanku, kada ku ƙara da na majalisa. In kuwa kuka ga baƙi mai sheƙi ko ja, ranar ce ranar asibiti, ba gobe ba. In bakinku ya yi nauyi ku rubuta a takarda, don ba kowa Allah Ya ba suruka mai faifai ba. Baƙin silikin nan na rataye shi a ƙusa bayan ƙofata, ban sake ɗinki da shi ba. Tsohuwata kuwa ta karɓi muƙamin duba-gari da hannu biyu, kullum ta kawo koko sai ta tsaya ta ce, Malam, yau wane zare? Yau da safe na ce mata ruwan ƙasa, ta ɗauki saƙon ta nufi kicin wurin surukata.