Furen da Ba Ya Son Ƙasa

A tashar Madarumfa wani mutum yana zaune da tukunya a cinyarsa. Zai kai shekara sittin. Rigarsa a goge take amma ta yi masa yawa, kuma akwai filasta a bayan hannunsa, inda aka yi masa ƙarin ruwa.

Na gane tsiron da ke cikin tukunyar, wani fure ne da ake kira orkide. Rabona da ganin orkide tun ina makarantar mishan, inda wani Fada, limamin coci, yake rataye shi a jikin ɓawon itace. Ɗan dazuzzukan kudu ne, saiwarsa iska take sha, ƙasa kashe shi take yi. Wannan kuwa an cusa shi cikin laka da takin awaki.

Mutumin yana kankare lakar da tsinken tsintsiya, yana yanke ruɓaɓɓiyar saiwa da reza. Ina jin ba shi da wani abin kiwo sai shi.

Inde mai kifi ta leƙo. "Baba, ana miya da shi ne?"

"A'a, 'yar nan. Shekara tara ina renonsa kan gawayi. Ina kwance gidan likita, maƙwabcina ya tausaya masa, ya dasa shi kamar tumatir, yana ban ruwa safe da yamma."

"Ai alheri ya yi maka."

"Ya yi. Har godiya na yi masa."

Saiwa ɗaya ta rage. Ya matsa ta da yatsa, baƙin ruwa ya fito. Yana nan yana kallonta, reza a hannu, ya kasa yankewa.