Wurare Bakwai da Na'ura Ta Ƙi

Damina biyu bayan babban taron ƙasa, kafin a karya darajar sefa, shekarar da rumbunmu na tsakar gida ya zube, autana ya samu aikin gwaji a wani biro na masu kula da rijiyoyi a Tawa. Yayyensa uku duk sun tafi bida, neman kuɗi, Abijan. Shi kaɗai ya rage mini, kuma an gaya masa a fili: wata uku, in aikinsa ya karɓu ya zauna, in bai karɓu ba ya nemi hanya. Hanyar kuwa na san ta, ita ce ta yayyensa.

Aikin shi ne ya rubuta wa ordinater, na'urar nan mai ƙwaƙwalwa, umarni, yadda za ta riƙe sunan kowace rijiya daga Barmu har arewa, da zurfinta, da watan da take ƙafewa. Ni ban yi lakkwal ba, ban san boko ba, amma ba a taɓa yi mini bayani sau biyu ba. A cikin na'urar akwai wani mai duba da aka aiko daga Yamai. Ba mutum ba ne, shi ma rubutu ne. Kafin a haɗa aikin mutum ya zama abin amfani, sai ya karance shi layi-layi, in ya ga umarnin da aka hana, ya tsai da komai.

Wata Laraba na kai masa fura, na iske shi ya dafe kai.

"Inna, wurare bakwai ya ƙi. Na sa umarnin da ke share sunaye gaba ɗaya. Mutanen Yamai sun ce sai a bi ta nasu umarnin, mai ajiye kwafi kafin ya share."

"To ka bi ta nasu."

"Kwana uku zai ci. Mota gobe take kai disket, faifan da aikin ke ciki, Yamai." Ya rage murya. "Ina iya ɓoye umarnin inda ba ya dubawa."

Na tambaye shi dalilin hanin. Ya ce in an kuskure sau ɗaya, sunayen da aka sha rana ana tattarawa sun tafi ke nan. Na ce masa shekara arba'in ina tsince irin gero kafin shuka, ban taɓa tura baƙar zangarniya ƙasan ƙwarya don kar a gani ba.

"Kai gyara. Motar ka bar mini."

Direban biron ɗan kawuna ne, taubashina. Na same shi a gindin itacen bedi yana wanke taya.

"Bawana, gobe ba ka zuwa Yamai."

"Ke tsohuwar banza, yaushe kika zama shugaba? Haƙori ma babu."

"Na ji kana da kayan famfo na Takanamat da suka yi sati a bayan mota. Ka fara kai su, Yamai ta jira Lahadi."

"In na ƙi fa?"

"In gaya wa amaryarka ranar da jaki ya kayar da kai cikin tabki kana kuka kana kiran sunana."

Ya yi dariya har ya zauna a kan bokiti. Sannan ya shiga wajen shugabansu, ya ce mutanen Takanamat sun matsa, abin da yake gaskiya ne. Aka yarda.

Yaron ya gyara wuraren ɗaya bayan ɗaya. Ranar Asabar da la'asar ya kira ni in gani. Ya danna, rubutu ya gudana, bai tsaya ba. Na tambaye shi ina shaidar cewa ya ci. Ya ce ai mai duban ba ya yabo, in babu laifi shiru yake yi.

Bai je Abijan ba. A gidan nan ya yi aure, nan aka yi sunan 'ya'yansa.

Shugaban ya rasu, biron ma an rufe shi tuntuni. Cikin waɗanda suka san wannan magana saura ni, da autana da ya fara furfura, da taubashina, wanda ido ya tafi amma bakin na nan. Har yanzu cewa yake ba jaki ba ne, doki ne.