Inda Goggo Take Tsayar da Kaset

Ranar wata Asabar bayan La'asar, shekarar da na shiga aji biyar, Baba ya shigo gidanmu na unguwar Ɗan Iya da akwatin bidiyo ɗaure a bayan babur. Wanda ya sayar masa ya haɗa da kaset ɗaya, wani tsohon fim ɗin Turawa marar kala, labarin wani soja da masoyiyarsa a lokacin yaƙi. Muka watsar da carafke, muka bar masarar surfe kaji na wawaso, muka cika ɗakin Baba har bakin ƙofa.

Mu yara harbe-harbe muka zo gani, sai muka tarar da surutu. Wadda fim ɗin ya kama ita ce Goggo Dije, yayar Baba, wadda ko "zo in kashe ki" ba ta ji da Turanci. Mijinta ya tafi yaƙin basasa tana amarya, bai dawo ba, ba a kuma ga gawarsa ba. Ta ƙi yin takaba, ta kori duk manemin da ya zo. "Ba a yi wa mai rai takaba," in ji ta.

Duk Asabar sai ta zauna gaban akwatin da farantin zogale tana tsinka, ni ce mai saka mata kaset. Ba ta taɓa neman fassara ba. Sojan nan ba ya iya kallon matar in zai yi magana, sai dai ya yi ta juya hularsa a hannu, Goggo ta ce haka nata mijin yake yi. Matar kuwa ba ta kuka, leɓenta kawai ke rawa. "Wannan ba wasa take ba, ta taɓa jiran wani," in ji Goggo. Amma da an zo inda matar ke tsaye a tashar jirgin ƙasa tana duba fuskokin sojojin da ke saukowa, sai Goggo ta ce in kashe. Kullum a nan.

Ni kuwa uwar rawar kai, na kalli ƙarshen a ɓoye, abin ya yi ta cina. Wata rana ina kashewa na ce, "Goggo, ai bai dawo ba. Takarda aka kawo mata, ya mutu."

Na zaci za ta mare ni. Sai ta ajiye farantin, ta daɗe tana kallon baƙin gilashin talabijin. "Takarda? Har hannunta?" Na ce e. Ta ce, "To ita ta huta, an gaya mata."

Ba ta sake neman kaset ɗin ba. Ta ci gaba da shanya tsohuwar rigar mijinta duk bayan damina, har Allah Ya karɓi ranta ina jami'a. Ban taɓa neman gafararta ba, wannan yana damuna har yau.

Yanzu ina zaune a Gwallameji, fim ɗin yana cikin wayata. 'Ya'yana sun ce ba kala, ba faɗa, sun tashi sun bar ni. Nakan kalla ni kaɗai, in ga mutumin yana juya hula, in ga leɓen matar yana rawa. Da an iso tashar, nakan kashe.