Ƙwallon da Isufu bai doka ba

Ina buro, wato ofis, a Ƙonni ranar Litinin da hantsi direban motar garinmu Illela ya leƙo, ya cire hula, ya ce mini Malam Isufu, malamin lakwal, wato makarantar boko, ya rasu da asuba bayan zazzaɓin kwana huɗu. Na yi salati. Amma tun da gaskiya na zauna rubutawa, ba hawaye ne ya fara zo mini ba. Abin da na fara ji a raina shi ne: ya tafi bai amsa laifinsa ba.

A shekarun farko na 'yancin kai ni da shi muka yi wa ƙasarmu wasan badminton na 'yan biyu-biyu. Mutanen gari suna kiransa wasan gashin kaza, suna yi mana dariyar ƙatti biyu da gajeren wando suna bin gashi a cikin magazar auduga, babban ɗakin ajiya, inda iska ba ta shiga. Ni nake tsayawa gaba kusa da raga, shi a baya. Mutum ne mai tsari. Shi ke ɗaure igiyar raket ɗina in ta tsinke, shi ke tsince tsofaffin ƙwallaye yana gyara musu gashi. Yakan ce, "Na gaba ba ya waiwaye, Garba. In ka waiwaya, ba ka yarda da ni ba ke nan." Muna da doka ɗaya: in ƙwallo ta faɗo tsakaninmu, sai ya daka mini tsawa, "Kauce, Garba!" in duƙa, ya doke ta.

Da aka kai mu Najeriya wasan ƙasa da ƙasa, mun kai karon ƙarshe, saura maki ɗaya a raba gardama. Ƙwallo ta taso a hankali ta nufo tsakiya, irin wadda Isufu ke dokawa ido rufe. Na duƙa ina jiran tsawarsa. Shiru. Ta faɗi a tsakaninmu. Na waiwaya, na same shi tsaye, raket a ƙasa, kansa a sunkuye.

Uwarsa 'yar tsallaken iyaka ce, kuma na gan shi da safiyar ranar yana hira da ɗaya daga cikin abokan karawarmu. Ban nemi wata shaida ba, na ce sayar da wasan ya yi. Duk abin da ya yi bayan nan ƙara mini zargi ya yi. Ya ce ya bar wasa. Ya daina haɗa ido da ni. In ya hango ni a kasuwa sai ya sake hanya, in mun yi kiciɓis ya durƙusa ya gaishe ni. Da ya auri Hajara, ɗiyar wana Mamman, na ce a raina dabara ce ta toshe mini baki. Mutumin da ke kirana Garba da tsawa ya koma ce mini Baba. Shekara goma sha ɗaya ina amsa gaisuwarsa da baƙin ciki.

A wurin jana'iza liman ya ce duk wanda mamaci ya ɓata wa ya yafe masa. Jama'a suka amsa, "Mun yafe." Ni ban buɗe baki ba.

Ranar sadakar uku na shiga yi wa Hajara gaisuwa. Tana zaune a tabarma cikin takaba. Ta ce, "Baba, na ji ba ka amsa wa liman ba."

Na ce, "Ke ba ki san abin da ke tsakaninmu ba."

Ta ce, "Na sani. Ranar da za ku tashi zuwa Najeriya, da la'asar, babana ya ba magabatansa ni. Kai kana Ƙonni, ba ka ji ba sai da kuka dawo. Shi ya shiga mota yana sane kai surukinsa ne. Ya ce mini duk wasannin farko yana kauce wa kiran sunanka, Allah na rufa asiri. A na ƙarshe ya buɗe baki zai ce maka kauce, harshensa ya ƙi."

Na ce, "Me ya hana shi gaya mini?"

Ta ce, "Da wane baki, Baba?"

Ni ɗan ƙasar nan ne. Na san kunyar surukuta, ni ma har yau ba na kiran sunan ƙanen surukina. Durƙuson da sunkuyar da kan da barin gajeren wando, ba wanda ban san ma'anarsa ba. Zargi ne ya hana ni gani. Girmama ni yake yi, ni kuwa ina lissafa masa shi a cin amana.

Da yamma na tafi maƙabarta ni kaɗai, na tsaya a kansa. Ban ce na yafe ba, don babu abin yafewa. Ni ke neman yafiya, wanda zai ba ni ita kuwa yana ƙarƙashin ƙasa.

Allah Ya jiƙan Isufu, Ya haskaka kabarinsa, Ya rufa masa asiri kamar yadda ya rufe bakinsa a kaina. Allah Ya ba Hajara haƙuri, Ya raya 'ya'yansu huɗu. Ni kuma, wanda na waiwaya, ku roƙa mini Allah Ya sa Isufu ya yafe mini.