Tumatirin Takarda da Tumatirin Gona

Lokacin da nake ajin ƙarshe na sakandare, a wani ƙauye tsakanin Kura da Bunkure, babu malamin da ya shiga raina kamar malamin noma. Dogo ne siriri, kullum da taɓo a bakin wandonsa. Duk Laraba yakan fitar da mu, mu bi gefen kanal na noman rani har 'yar gonar makaranta. Ni kuwa littattafan soyayya sun cika mini kai, ina tafe ina leƙen fuskata a ruwa kamar yarinyar cikin labari.

Sai aka yi mana jarrabawar gwaji, wadda tambayoyinta da amsoshinta daga birni ake turo su. Aka tambayi lokacin shuka tumatir. Duk ajin muka rubuta bayan ɗaukewar damina, don haka iyayenmu suke yi, ruwan kanal ke shayar da shi. Ni har shafi guda na cika, ban bar ko ƙanshin ganyensa da safe ba. Takardar amsa ta ce farkon damina. Muka faɗi a wannan tambayar da wasu irinta.

Shugaban makaranta ya hana fita gona, ya ce a zauna kan tsofaffin tambayoyi. Hankalina ya tashi, don in ban ci darasin noma ba, ni da kwalejin aikin gona da nake mafarki sai dai hange.

Da malamin noma ya shigo aji, na ɗaga hannu. "Malam, to Babana ne bai iya ba?"

"Ke 'yar soyayya, zauna," in ji shi. "Babanki ya fi mai takardar nan sanin tumatir. Amma ba Babanki ne zai ba da maki ba."

Wata ƙawata ta ce, "A turo mana mai takardar ya yi dashe kwana ɗaya, Malam, mu ga ƙugunsa!"

Har shi sai da ya dara. Sannan ya ja layi a tsakiyar allo. A dama ya rubuta "na takarda", a hagu "na gona". Haka muka ƙarasa shekarar. Muka haddace noman koko da roba, waɗanda ko a mafarki ban taɓa gani ba. In ya gama cika dama, sai ya juya hagu, muryarsa ta yi laushi. Ni kuma ya hana ni ado a amsa, layi ɗaya tak ya yarje mini.

Ranar babbar jarrabawa tambayar ta dawo. Na daɗe ina juya biro kafin na rubuta farkon damina, raina yana ba Babana haƙuri.

Na ci jarrabawar. Da tumatirinmu ya nuna tsakiyar rani, na cika kwando na kai wa malamin noma. Ya ɗauki guda, ya goge a riga, ya ce, "Wannan ai takarda ba ta san da zuwansa ba." Ya kai baki.