Zaman da Na Koya a Hanyar Biko

Ana sallame sallar asuba muka tashi daga Katsina, ranar Talatar makon jiya, mu uku: ni, da baffana, da wani abokina da muke rumfa ɗaya a kasuwa. Ba yawon buɗe ido za mu ba, biko za mu. Maiɗakina ta yi yaji, kwananta ashirin a gidan iyayenta, a wani ƙauye gaba da Ɗan Isa cikin ƙasar Nijar. Laifin kuwa nawa ne.

Gara in faɗi gaskiya tun farko. Ni mai gyaran rediyo ne. Ina iya wuni a kan waya guda siririya kamar gashi ban ƙosa ba, amma da mutum ya faɗa mini abin da bai yi mini daɗi ba, kafin ya rufe baki na hau. Ranar da abin ya faru, abinci ne ya makara, ga ƙawayenta biyu zaune a tsakar gida. Na yi mata tsawar da ko yaro ba a yi wa, na rufe da cewa in ta gaji, ƙofa a buɗe take. Washegari na dawo daga kasuwa na tarar ta goya 'yarmu ta tafi. Sai da malamin unguwarmu ya tambaye ni abin da na nufa da wannan kalma, ya tabbatar mini aure bai taɓu ba, sannan abinci ya shiga cikina. Mun aika sau ɗaya, mahaifinta ya ce in zo da ƙafata.

Motar Jibiya ba ta ba mu wahala ba. Tun da aka ƙaddamar da Shari'a, zaman mota ya canja: mata a kujerar baya, maza a gaba, direba ya sa kaset ɗin wa'azi. Malamin cikin kaset ɗin, kamar an aiko shi, kan haƙƙin mata yake magana. Baffa ya dube ni ta gefen ido, ni kuma na mai da fuskata taga. Kaka ta yi kyau bana. Dammunan gero jingine a gonaki, ana roron gyaɗa, jakai na ta kai da kawo. Wani mutumin ƙauyen Riko da ke kusa da ni ya riƙo zabbi biyu a cinya, ɗaya ta yi ta saran gwiwata har muka isa. Shingayen ma'aikata kuwa, kowanne a tsaya, a leƙa, a buɗe but, a wuce.

Daga Jibiya muka ƙarasa Magama, bakin iyaka, hantsi bai yi ba. Nan tafiya ta tsaya. Motar da za ta haye da mu, wata tsohuwar fijo, saura mutum biyu ta cika, kuma direba ya ce ba ya tashi da gurbi. Da Lahadi ce, ranar kasuwar Jibiya, da kafin ka sha ruwa ta cika. Talata kuwa sai Allah. Muka sha shayi, muka ci ƙosai, wanda na lura ya fi na Katsina girma a kuɗi ɗaya. Awa guda ta wuce, ta biyu ta kama hanya. Ni kuma tun daren jiya nake tsara abin da zan faɗa wa surukina, ina rushewa ina sake ginawa. Da ɗan kamashon motar ya ce mini a karo na uku "yanzun nan, Alhaji", ban san lokacin da na miƙe ba. Abin da na faɗa masa ba zan rubuta shi ba. Tasha ta yi tsit, abokina yana jan rigata. Baffa sai ya ɗauki butarsa ya zaga baya. Wannan tafiyar tasa ta fi zagi ciwo, don na san abin da yake tunani: da wannan bakin za mu shiga zauren mutane?

A gindin wani bedi kusa da mai shayi, akwai wani dattijo ɗan dako, mutumin Maraɗi, zaune a kan gammonsa yana jiran manyan motoci. Shi ya yafito ni.

"Ɗana, taho ka zamna. Mi ya yi zahi haka?"

Ban san dalili ba, sai na gaya masa komai. Ya saurara har na gama, sannan ya ce, "Ba a fafe gora ranar tafiya. Amma tun da ka taho da naka ba fafe, mu gwada."

Ya ce sana'arsu rabi ɗauka ce, rabi jira, kuma jiran ya fi karya mutum. Wani tsohon malami da ya taɓa yi wa dako ne ya koya masa yadda ake zama, shekaru da yawa da suka wuce. Abin ba shi da wani sirri. Ka zauna inda ka samu. Ka miƙe bayanka da wuyanka kamar an ɗora maka buhu a ka, amma ka saki kafaɗunka. Ka sauke idonka a wuri ɗaya a ƙasa, kada ka rufe in kana jin barci. Ka bar numfashi ya shiga ya fita ta hanci yadda ya ga dama, ba ja ba turawa. Duk fita ɗaya ka ƙirga, har goma, ka koma ɗaya. In ka fi so, ka sa istigfari a madadin ƙirgar.

Abokina, wanda ba ya barin abu ya wuce bai tambayi hukuncinsa ba, ya ce, "Baba, wannan ba bidi'a ba ce kuwa?"

Dattijon ya yi dariya. "Ba salla ba ce, ba ta maye salla. Zama ne. Wane malami ya hana zama?"

Na gyara na fara. Ɗaya, biyu, uku, sai ga fuskar wan matata a gabana, muna musayar magana. Na koma ɗaya. Ina kaiwa biyu, kunnena ya kama rediyon mai shayi, na ji lasifikarta ta yage, har na fara lissafin irin wadda za ta dace da ita. Na ɗago na ce masa ni abin nan ba zan iya ba, kaina ba ya tsayawa.

"Na wa ke tsayawa?" in ji shi. Ya nuna titi da haɓa. "Dubi motocin ga. Ba kowace ce kayanta nawa ba. In na bi kowace da gudu, kahin azahar na mutu. Tunani ya zo, ka gan shi, ka bar shi ya wuce, ka koma ɗaya. Komawar ita ce aikin. Kuma kada ka yi ma kanka tsawa, ka san ka iya."

Na sake zama. Ban kai goma ba ko sau ɗaya, amma can sai na lura haƙorana a cije suke, hannayena a dunƙule, ko tun yaushe oho. Na sake su. Na ji iskar gindin bedin a wuyana, wadda tun zuwanmu take kaɗawa ban sani ba. Ya ce ya isa haka. Mai farawa kada ya wuce gwargwadon hucewar kofin shayi, amma kullum, a lokaci guda, an fi so bayan asuba kafin hayaniya ta tashi. Wanda ya saba yi lokacin da ransa ke kwance, shi zai same shi ranar da ransa ya ɓaci. Na tashi na je na ba ɗan kamasho haƙuri. Ya ce ba komai, ya ji wadda ta fi wannan. Ba a jima ba wasu mata biyu masu tallar daddawa suka zo, mota ta cika.

An duba takardunmu a ɓangaren Najeriya, jandarmomi suka duba a nasu, ba wata matsala. Muna hayewa direba ya zare kaset ɗin wa'azi ya zura na kalangu. Baffa ya yi gyaran murya, amma kafin Ɗan Isa na ga babban yatsan ƙafarsa yana motsi. A can muka sayi tsarabar burodin nan nasu dogo kamar sanda, da goro. Lissafinsu na dala ya rikita abokina: aka ce masa dala ashirin, ya miƙa sefa ashirin, mai burodi ya dube shi kamar ya zo da wasa, ashe ɗari ake nufi, don a can dala ɗaya sefa biyar ce. Daga nan muka hau a-kori-kura zuwa ƙauyen, hanya duk rairayi.

Bayan azahar aka shigar da mu zaure. Na tuɓe takalma na durƙusa daga gefe. Baffa ya yi magana mai kyau, ya ba da haƙuri a madadin gidanmu. Surukina, tsoho mai ƙarancin magana, yana jan carbinsa. Wan matata ne ya karɓe. Ya ce ba su ba ni ɗiyarsu don in koyi tsawa a kanta ba. Ya ce na kunyata ta a gaban mutane. Duk gaskiya ne. Sai ya ƙara da cewa har abinci nake ƙididdige mata.

Wannan kam ban taɓa yi ba. Na ji zafin nan da na sani ya taso daga ƙirji ya kama kunnuwana, amsa ta zo har bakin harshe, shiryayya. Sai na sauke ido a kan wani ɗinki na tabarma. Ɗaya. Biyu. Na ɓata a huɗu, na koma ɗaya. Yana ta magana, ina ji, ina ƙirgawa. Da ya gama, zauren ya yi shiru, ni ma ban cike shi ba.

Surukina ne ya ɗago. Ya ce wa ɗansa, "Wagga ta abinci, ita ba ta hwaɗi ba. Kada ka ƙara abin da babu." Sannan ya juyo gare ni. "Kai kuma mi ka ce?"

"Na yi kuskure, Baba. Ba ni da hujja."

Ya ce abin da ya sa ya kira ni da ƙafata, so yake ya ga ko ina iya jin magana har ƙarshenta. Ya gani. Ranar Juma'a gwaggon matata za ta rako ta. Wallahi sai na ji kamar an sauke mini dutsen niƙa daga ƙirji. 'Yata ta rugo daga cikin gida ta faɗa jikina. Uwarta ba ta fito ba, amma furar da aka kawo mana ba sukari, ta ji citta, yadda nake sha. Babu wanda ya san haka a gidan sai mutum ɗaya.

Da la'asar sakaliya muka sake hayowa Magama. Na nemi dattijon, na hango shi ana sauke wata babbar mota, buhu a kansa. Hannu kawai ya iya ɗaga mini. Na bar masa burodi da goro wurin mai shayi. Ko sunansa ban tambaya ba. Mun shigo Katsina ana kiran isha'i, Baffa yana gyangyaɗi a kafaɗata.

Abin da tafiyar nan ta koya mini ba mai yawa ba ne, amma ya ishe ni. Tsakanin abin da aka faɗa maka da abin da za ka mayar akwai ɗan fili, kuma ana iya koyon tsayawa a cikinsa. Ba ya bukatar littafi ko wani wuri na musamman. Wanda ke son farawa, ya zauna gobe da safe, ya ƙirga numfashinsa, in ya ɓata ya koma ɗaya. Ban zama wani mutum dabam ba, don ko shekaranjiya na ɗaga wa wani da ya kawo gyaran rediyo murya. Sai dai na ji kaina tun a kalma ta biyu, na tsaya.

Ranar Juma'a aka kawo ta kamar yadda aka ce. Asubar Asabar na dawo daga masallaci na zauna a bakin ƙofar ɗaki, ido a ƙasa. Ta fito da buta, ta tsaya a kaina.

"Malam, lafiya? Ko jikin ne?"

Na ce numfashi nake ƙirgawa.

"Nawa ka samu?"

"Shida."

"To, Allah ya ƙara," in ji ta. Ta wuce madafa, ina jin tana dariya ƙasa-ƙasa, ni kuma na koma ɗaya.